Yadda ake neman takardun shari'a a kotun gundumar Cook ta Shikago, mataki bayan mataki

Tambayar nan ta yawaita daga 'yan uwa mazauna Shikago da garuruwan da ke kewaye da ita, har ma da waɗanda suka taɓa zama can suka tattara suka koma gida. Wani yana neman takardar hukuncin rabuwar aure da kotu ta yi masa shekaru goma da suka wuce, wata tana son sanin inda aka kwana a kan gadon mijinta, wani kuma hukumar shige da fice ce ta ce sai ya kawo shaidar yadda wata tsohuwar tuhuma ta ƙare kafin a ci gaba da duba buƙatarsa ta zama ɗan ƙasa. Duk waɗannan takardu suna hannun ofishi guda, wato ofishin magatakardan kotun gundumar Cook da ke jihar Illinois, kuma mafi yawansu doka ta ba kowa damar gani, ko yana da hannu a shari'ar ko ba shi da shi. Abin da ke wahalar da mutane shi ne rashin sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa da kuma irin kwafin da za su nema, don haka a kan waɗannan biyun za mu fi tsayawa.

1. Tabbatar cewa maganar ta kotun gunduma ce

Kotun da ake kira Circuit Court of Cook County ita ce kotun matakin farko da ke sauraron kusan duk ƙarar da ta taso a ƙarƙashin dokokin jihar Illinois a cikin gundumar, tun daga tikitin karya dokar hanya har zuwa shari'ar kisan kai. Aure da rabuwarsa, riƙon yara, gado, bashi, korar ɗan haya, ƙwace gidan da aka kasa biyan bashinsa, duk nan ake kai su.

Akwai abubuwa uku da ba nata ba ne, kuma mutane suna ɓata yini guda a kansu. Shari'ar karayar arziki da laifukan da gwamnatin tarayya ke tuhuma a kai suna kotun tarayya da ke titin Dearborn, kuma takardunsu ana samun su ta wani tsari na daban mai suna PACER, inda ake biyan santi 10 a kan kowane shafi, kuɗin takarda ɗaya ba ya wuce dala 3, kuma wanda bai kashe fiye da dala 30 cikin wata uku ba ana yafe masa. Shari'ar korar baƙo daga ƙasa tana kotun shige da fice, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta tarayya. Na ukun shi ne ya fi rikita mutane: a gundumar akwai ofisoshi biyu da dukkansu ke ɗauke da kalmar Clerk a sunansu. Wanda ake kira County Clerk shi ke riƙe da takardun haihuwa, mutuwa, ɗaurin aure da rajistar filaye da gidaje. Wanda ake kira Clerk of the Circuit Court shi ne magatakardan kotu, kuma shi muke nufi a duk wannan bayani. Saboda haka takardar ɗaurin aurenka tana wancan ofishi, hukuncin rabuwar auren kuwa yana wannan.

Gargaɗi: kada ka rubuta wasiƙar neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta jihar, wadda aka fi sani da FOIA. Dokar ba ta hau kan ɓangaren shari'a ba a Illinois, kuma abin da za ka samu shi ne amsar da ke mayar da kai inda ya kamata ka fara tun farko.

2. Gano sashen da ginin da fayil ɗin yake

Kotun ɗaya ce a suna, amma a warwatse take a gine-gine da dama. An raba gundumar zuwa yankuna shida: yanki na 1 shi ne birnin Shikago kansa, na 2 yana Skokie, na 3 yana Rolling Meadows, na 4 yana Maywood, na 5 yana Bridgeview, na 6 kuma yana Markham. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai a wani gari da ke bayan birni, ko mai gidan haya ya kai ka ƙara a can, to fayil ɗinka yana kotun yankin da garin ya faɗa, kuma zuwa tsakiyar birni ba zai amfane ka da komai ba sai kuɗin ajiye mota.

A cikin birni, cibiyar shari'o'in da ba na laifi ba ita ce Daley Center, dogon ginin nan mai launin tsatsa da ke lamba 50 a titin West Washington, wanda ƙaton sassaƙen ƙarfe na Picasso ke tsaye a farfajiyarsa. Sashen Law yana sauraron ƙarar neman diyya mai yawa a cikin birni, ta ƙaramin kuɗi kuma tana zuwa sashen ƙananan ƙararraki na yanki na 1. Sashen Chancery shi ke da ƙwace gidaje saboda bashi da neman umarnin hana wani yin wani abu. Sashen Domestic Relations na rabuwar aure ne da riƙon yara da kuɗin ciyar da su, sashen Probate kuma na gado da wasiyya da naɗa waliyyi ga wanda ba zai iya kula da kansa ba. Manyan laifuka na cikin birni ana shari'arsu a ginin Leighton, wanda kowa a Shikago ke kira da sunan mahaɗar titunan da yake, wato 26th da California. Ƙarar cin zarafi a cikin gida tana da nata gini a lamba 555 titin West Harrison.

3. Nemo lambar shari'a

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, domin ma'aikacin kanta da lamba yake aiki. Idan ka miƙa masa lamba, cikin 'yan mintoci ya san inda fayil yake. Idan suna kawai ka kawo, to kai da shi kun shiga lalube, kuma idan shi ne zai yi maka laluben ana cajin kuɗi a kan kowace shekarar da aka bincika.

Lambar tana da sassa uku: shekarar da aka shigar da ƙara, harafin sashe, sannan jerin lambobi. Harafin L na sashen Law ne, CH na Chancery, D na rabuwar aure, P na gado, CR na manyan laifuka, sannan M1 zuwa M6 na yankunan nan shida. Wanda ya ga 2016 da harafin D a saman wata tsohuwar takarda ya riga ya san shekara da sashe. Ka tona jakar takardunka tukuna: sammaci, tikitin ɗan sanda, takardar beli, wasiƙar lauya, ko rasidin biyan tara, kowannensu yana ɗauke da lambar a samansa. Idan ka ɗauki lauya a lokacin, kiran ofishinsa ya fi komai sauƙi.

Idan duk babu, sai neman ta suna, kuma a nan ne sunayenmu ke ba da wahala ta musamman. Kwamfutar kotu tana nuna sunan kamar yadda aka rubuta shi ranar da aka buɗe fayil, ko da wanda ya rubuta ɗan sanda ne da ke sauri a bakin titi da daddare. Mai suna Muhammadu yana iya kasancewa a ciki da Mohammed, Mohamed, Muhammad ko Mahamadou. Abubakar yana iya zama Aboubacar idan fasfonsa na Nijar ne, ko a raba shi gida biyu a ɗauki rabin ƙarshe a matsayin sunan mahaifi. Sau da yawa kuma ana juya sunan yanka da na mahaifi, saboda a gida babu wani tsayayyen tsari na wanda ke gaba. Abin yi shi ne ka zauna da biro da takarda ka jera duk yadda aka taɓa rubuta sunanka a fasfo, lasisin tuƙi da katin izinin zama, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka juya su ka sake gwadawa. Mace ta haɗa da sunan da take amfani da shi kafin aure da na bayansa.

Gargaɗi: samun suna irin naka a kwamfuta ba hujja ba ce cewa kai ne, haka nan ganin sunan wani da ka sani ba hujja ba ce cewa shi ne. A gundumar da mutanenta suka haura miliyan biyar, masu suna ɗaya ba su ƙirguwa. Ka dubi shekara da adireshi da sunan abokin shari'a kafin ka yanke, musamman idan bincike kake yi a kan wanda za ka yi kasuwanci da shi ko za ka ba 'yarka.

4. Duba ta intanet kafin ka fita daga gida

Shafin magatakardan kotun yana da wurin binciken shari'a kyauta, inda ake zaɓar sashe sannan a saka lamba ko suna. Abin da zai fito maka shi ne jadawalin shari'ar: sunayen mai ƙara da wanda ake ƙara, lauyoyinsu, alƙalin da ke riƙe da ita, da jerin ranakun da aka shigar da wata takarda ko aka ba da wani umarni, har da ranar zama na gaba idan ba a gama ba. Wannan ya ishi wanda ke son sanin ranar komawarsa kotu ko tabbatar da cewa an rufe ƙara.

Ka ɗauki jadawalin a matsayin manuniya kawai. Zai gaya maka cewa ranar kaza an yanke hukunci, amma abin da alƙali ya rubuta a cikin hukuncin yana cikin takardar kanta, wadda sai ka nema daga ofis. Amfanin wannan mataki shi ne ka rubuta ainihin sunan takardar da kake so da ranar da aka shigar da ita, don kada ka je ka sayi kwafin fayil mai shafi ɗari uku alhali shafi takwas kake bukata. Shari'o'in laifi kuwa hanyar da ta fi tabbas a kansu ita ce kwamfutocin da aka ajiye wa jama'a a cikin gine-ginen kotun.

Gargaɗi: idan ka rubuta sunan kotun a injin bincike, shafukan kamfanoni masu sayar da tarihin mutane sukan riga na kotun fitowa. Suna karɓar kuɗi a kan abin da kotu ke nunawa kyauta, bayanansu kan zama tsofaffi, kuma babu hukumar da za ta karɓi abin da ka bugo daga wurinsu.

5. Zuwa ofishin

Ofisoshin magatakarda suna buɗe daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4:30 na yamma, ban da ranakun hutun kotu. Sammako ya fi, domin layin binciken ƙofa yakan yi tsawo gab da lokacin fara zaman kotu, kuma wanda ya iso ƙarfe huɗu da buƙatar kwafi mai yawa sai dai ya dawo gobe. Ka riƙe katin shaida mai hoto, lambar shari'a a rubuce a takarda, da kuɗi. Kada ka zo da wuƙa komai ƙanƙantarta, ko da ta yankan farce ce.

Na ce a rubuce a takarda ne saboda dalili: a ginin Leighton an hana jama'a shiga da wayar hannu, kuma wanda ya ajiye lambarsa a cikin waya zai tsinci kansa a gaban kanta hannu rabbana.

A Daley Center, kantocin Law da Chancery da Domestic Relations suna hawa na 8, na gado kuma yana hawa na 12. Ka fara da kwamfutar jama'a, domin ƙararrakin 'yan shekarun nan ta intanet ake shigar da su, tun da aka wajabta haka a shari'o'in da ba na laifi ba a 2018, kuma ana iya karanta takardunsu a allo ba tare da biyan ko sisi ba. Tsofaffin fayiloli na takarda ne, kuma da yawansu an kwashe su zuwa rumbun ajiya da ke wani wuri, don haka za a ba ka fom ka cika, a ce ka dawo bayan wasu kwanaki. Ka karɓi shaidar cewa ka nema, ka kuma tambayi yadda za ka san fayil ya iso. Waɗanda suka tsufa ƙwarai suna sashen adana tarihi a ɗaki na 1113, inda takardun suka faro daga 1871, shekarar da gobara ta cinye birnin da abin da ke cikin kotunsa.

6. Zaɓar irin kwafi da biyan kuɗi

Kwafi iri biyu ne. Akwai na zallar hoto, wanda ya isa idan karantawa kawai za ka yi ko za ka nuna wa lauya. Akwai kuma mai hatimi, wanda magatakarda ya buga wa tambarin kotu ya sa hannu cewa daidai yake da na asali, kuma kalmar da za ka faɗa a kanta ita ce certified. Hukumar shige da fice, ofishin jakadanci, banki, da ofishin da ke ba da izinin sabon aure, duk mai hatimi suke nufi idan sun ce a kawo takardar kotu, ko da ba su fayyace ba.

Kuɗin kwafi dala 2 ne a shafin farko, santi 50 a kan kowane shafi daga na 2 zuwa na 20, sannan santi 25 a kan abin da ya biyo baya. Takarda mai shafi 30 ke nan za ta tashi a kan dala 14, sai a ƙara 'yan daloli na hatimi a kan kowace takarda. Jadawalin kuɗin yana manne a shafin magatakarda, kuma kyau ne a dube shi a ranar da za a je. Shawarata ita ce ka karɓi masu hatimi biyu ko uku a zuwa ɗaya, saboda duk hukumar da ka ba ɗaya riƙewa take yi, kuma kuɗin ƙarin kwafi bai kai na sake zuwa ba.

Kafin ka bar kanta ka ƙirga shafukan, ka tabbatar shafin da ke da sa hannu ko tambarin alƙali yana ciki. A hukuncin rabuwar aure, ka duba ko yarjejeniyar rabon dukiya da ta riƙon yara suna haɗe, domin sau da yawa takardu ne daban da hukuncin ya ambata kawai.

Gargaɗi: kada ka cire ƙusar da aka maƙale shafukan da ita don ka yi hoto. Wasu hukumomi suna ƙin karɓar kwafi mai hatimi idan suka ga alamar an taɓa warware shi.

Wanda ke neman rubutaccen abin da aka faɗa baki da baki a gaban alƙali ya sani cewa wannan ba ya cikin fayil ɗin magatakarda. Ana neman sa daga ofishin masu ɗaukar bayanan zaman kotu, da ranar zaman da sunan alƙali, kuma ya fi kwafi tsada nesa ba kusa ba.

7. Takardar sakamakon tuhuma

Wanda aka taɓa kamawa, ko da an sallame shi ba tare da hukunci ba, takardar da ake nema gare shi ita ce wadda ke nuna tuhuma da yadda ta ƙare, mai suna certified disposition. Idan bai tuna lamba ba, kuma 'yan sandan Shikago ne suka kama shi, yana iya neman tarihin kamunsa a hedikwatarsu da ke titin South Michigan, inda za a ɗauki hoton yatsunsa a ba shi jerin da ke ɗauke da lambobin.

A kan takardar za ka ga kalmomin lauyoyi. Nolle prosequi na nufin mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar. SOL na nufin an cire ƙarar daga jadawali tare da barin ƙofar dawo da ita cikin wani wa'adi. Supervision kuma sa ido ne na wani lokaci, wanda idan an kammala shi lafiya dokar Illinois ba ta lissafa shi a matsayin an same ka da laifi. Sai dai dokar shige da fice ta tarayya tana da nata ma'auni, kuma tana iya ɗaukar amsa laifin da ka yi a gaban alƙali a matsayin hukunci. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne ya kai takardar ga lauyan shige da fice kafin ya cika kowane fom da ita.

Gargaɗi mafi nauyi a wannan jagora: idan kana shirin neman kotu ta share maka tarihin kamu ko ta rufe fayil ɗin, ka karɓi kwafi masu hatimi da yawa kafin ka shigar da buƙatar. Hukumar shige da fice tana tambaya a kan kowane kamu ko da an share shi, kuma bayan an share, ma'aikacin kanta ba zai iya buga maka komai ba sai ka koma gaban alƙali ka nemi izini.

8. Fayilolin da ba a buɗe wa kowa

Shari'o'in yara masu ƙarancin shekaru, na ɗaukar riƙon ɗa, da duk wanda alƙali ya ba da umarnin rufewa, ba sa fitowa a bincike. A takardun da ke buɗe ma, ƙa'ida ta 138 ta kotun ƙolin Illinois ta hana bayyana cikakkiyar lambar tsaron zamantakewa (wato Social Security), lambar asusun banki da makamantansu. Idan kai ne mai shari'ar kuma an rufe fayil, hanyar ita ce rubuta roƙo ga alƙalin sashen, ka bayyana dalilin da ya sa kake bukatar kwafi. Ma'aikacin kanta ba shi da ikon buɗe maka, kuma doka ta hana shi ba ka shawarar lauya, don haka jayayya da shi ɓata lokaci ce.

9. Idan kana nesa, ko takardar gida za ta tafi

Tun da yawancin fayilolin a buɗe suke, ɗan uwa ko aboki da ke Shikago yana iya zuwa da lambar ya karɓo maka kwafi mai hatimi ba tare da takardar wakilci ba, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ga wanda ke Kano ko Maraɗi. Ana kuma iya nema ta gidan waya: wasiƙa mai ɗauke da lambar shari'a, sunayen ɓangarorin biyu, sunan takardar da ranarta, tare da kuɗin da ambulan mai adireshinka da kan sarki. Ka tuntuɓi sashen ka ji adadin kuɗin da irin biyan da suke karɓa kafin ka aika, domin idan kuɗin ya gaza ko da santi 50 ne wasiƙar dawowa za ta yi.

Hatimin kotun gunduma shi kaɗai ba lallai ne ya wadatar a wajen Amurka ba. Matakin farko shi ne kai kwafin mai hatimi ofishin sakataren jihar Illinois don ya tabbatar da sa hannun magatakarda, kuma za a tambaye ka ƙasar da takardar za ta. Nijar ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta amincewa da takardun juna, don haka shaidar wannan ofishi ita kaɗai ba ta gama magana. Najeriya ma ba ta cikin yarjejeniyar, saboda haka bayan ofishin jihar sai takardar ta wuce ma'aikatar harkokin wajen Amurka da fom mai lamba DS-4194 da dala 20, daga nan kuma ta je ofishin jakadancin ƙasar da za ta, kamar na Najeriya a Washington ko ƙaramin ofishinsa na New York ko Atlanta. Kowane ofishi yana tabbatar da sa hannun wanda ya gabace shi ne, don haka ba a tsallake ɗaya ko a sauya jerin. Kafin ka fara wannan zagaye ka tambayi kotu ko hukumar da za ta karɓi takardar a gida ko tana bukatarsa duka, sannan idan Nijar za ta tafi ka haɗa da fassarar Faransanci daga mai fassarar da hukuma ta amince da shi.